Farin Ciki: Wane Cikin, Kuma Wane Farin?

 

Kwanakin baya ina gyaran ɗaki na ci karo da tarin katunan gayyatar biki a ƙasan akwati, wasu har sun yi ja don daɗewa. Na bar aikin na zauna ina duba su ɗaya bayan ɗaya, sai na lura kusan dukkansu da magana guda suka fara: iyalan Alhaji wane da na Malam wane suna farin cikin gayyatarku. To a cikin auren nan wasu suna nan har da jikoki, wasu ko shekara ba su rufa ba. Akwai ma wanda ni shaida ce, a makon da aka raba katin uwar amarya ba ta barci saboda bashin kayan ɗaki. Amma a kan kati kowa farin ciki yake yi.

Haka muka taso da kalmar. A makaranta an koya mana mu buɗe wasiƙa da "ina mai farin cikin rubuto miki", ko da kuwa layi na biyu roƙon kuɗin sabulu ne. Mai sanarwa a rediyo da ita yake farawa, mai jawabi a taro da ita yake rufewa. Ta zama kamar tsohon kwabo, ya bi hannu da yawa har zanen da ke jikinsa ya goge. Shi ya sa yau nake so ki ɗan ajiye abin da kike yi, 'yar uwa, mu juya kwabon nan mu ga abin da aka zana a kansa tun asali.

Bahaushe bai yi aron wannan kalma a wurin kowa ba. Kalmomi biyu ne nasa na gida ya haɗa, fari da ciki. Mu fara da cikin. A wurin kakanninmu ciki ya wuce ma'ajiyar abinci, shi ya sa suka ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Nan ne ɗakin ajiyar mutum. Idan kin tsorata sai ki ce cikinki ya ɗuri ruwa. Mai ɓoye damuwarta a ce tana da zurfin ciki. Idan ana son a ji sirrinki da dabara sai a bugi cikinki. Mai gaskiya kuwa an ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Kuma ba sai na tuna wa mace ba cewa da wannan kalma ɗaya muke kiran abin da muke ɗauka wata tara. Maƙwabtanmu Yarabawa su ma can suka kai abin, domin idan Bayarabe ya ji daɗi abin da yake cewa a harshensa shi ne cikinsa ya yi zaƙi. Su zaƙi suka ji, mu kuwa fari muka gani, kuma a nan ne zancen yake.

Wane irin fari? Ki tuna sabuwar ƙwarya da aka fafe aka kankare cikinta, fari tas, ba ɗigon komai. Ko ƙwaryar nonon Bafulatana da ta wanke ta kife a rana. Farin da Bahaushe yake nufi a nan shi ne na tsabta. Shi ne dai a farar zuciya da farar aniya. Shi ne a farin jini, wanda kowa ke so. Idan yarinya ta rugo ta ce miki "Albishirinki!" kika ce "Goro!", da ta tambaya fari ko ja, ai fari za ki ce. Larabawan Masar da Sudan ma idan suna yabon wanda ba ya riƙo sai su ce zuciyarsa fara ce. Ba ko'ina fari ya zama alheri a bakinmu ba, na sani. Ga "farar ƙafa" nan, sharrin da ake liƙa wa baiwar Allah don kawai kasuwar mijinta ta karye bayan aurenta, kamar ita ke raba arziki. Wannan camfi ne da ya raba aure da dama, kuma wata rana za mu zauna a kansa. Amma a farin ciki, ma'anar a fili take: ciki ne da aka duba ba a sami datti ba.

Kin ga ke nan tun daga ginin kalmar, ba a ce cikakken ciki ba, ba a ce cikin mai gwal ba. Ba abin da aka zuba a ƙwaryar ake magana ba, yanayin ƙwaryar ake nufi.

Kalmar tana da 'yan uwa da muke yawan cakuɗa su da ita. Akwai murna, ita kuwa 'yar waje ce. Ana yin ta da guɗa da tsalle da rungume juna, tana da rana, tana da dalili: an haihu, an ci jarrabawa, maigida ya dawo daga tafiya. Shi ya sa idan abin ya watse muke cewa murna ta koma ciki. Kin taɓa jin an ce farin ciki ya koma ciki? Ba za ki ji ba, domin can ne gidansa dama. Akwai fara'a, wadda muka samo daga kalmar Larabci ta farah, amma da ta shigo Hausa sai ta zauna a fuska. Mace mai fara'a ita ce mai sakin fuska ga baƙo, kuma ni da ke mun san ana iya yin fara'a da ciwon kai, ana iya yi wa dangin miji ita alhali an kwana ana kuka. Nishaɗi shi ma Balarabe ne, asalinsa kuzari da karsashi. Annashuwa kuwa a Larabci har irin shauƙin da ke ɗaukar mai maye ana kira da ita, wato abu ne mai tashi sama ya sauko. Sai jin daɗi, wanda ya fi karkata ga jiki da abin hannu: an ce wance tana jin daɗi a gidan mijinta, ma'ana akwai ci da sha da sutura da mota. Madalla da jin daɗi, ba mai ƙin sa. Sai dai na san gidajen da ake jin daɗi ba a farin ciki, kin kuma san su.

Wadda ta fi kusa da ita a nauyi ita ce sa'ada, wadda malamai suka kawo mana. Ko ba ki saba furta ta ba, tana nan a gidanku. Duk Sa'adatu da Sa'idu da Sa'adu da Mas'udu daga tushenta aka yanko sunansu. Ita ma Halima da muke kira Sadiya, ta samo laƙabin ne daga Halimatus Sa'adiyya, wadda ta shayar da Manzon Allah (SAW), 'yar ƙabilar Banu Sa'ad. A cikin Suratu Hud an raba mutanen ranar ƙiyama gida biyu, shaƙiyyi da sa'idi, don haka a bakin malamai sa'ada ba ta tsaya ga daɗin yau ba, tana nufin dacewar da ba ta yankewa. Imam Ghazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 Miladiyya, ya rubuta littafi guda da harshen Farisa ya sa masa suna Kimiya'us Sa'ada. Masu kimiya na zamaninsa suna ta fafutukar juya tagulla ta koma zinariya, shi kuwa ya ce halin mutum ne ya fi cancantar a yi wa wannan aiki, kuma ya buɗe littafin da babin sanin kai. Wato shi ma ciki ya fara leƙawa. Wani abin da ya burge ni kuma, daga tushen sa'ada ne Larabawa suka fitar da kalmarsu ta taimako, musa'ada, da sunan hannu daga gwiwa zuwa wuyansa, wanda da shi ake tallafar kaya. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki sosai. Idan kina son sanin kalma, ki dubi kishiyarta. Kishiyar farin ciki ita ce baƙin ciki, kuma a Hausa baƙin ciki yana da fuska biyu. Ki saurari waɗannan maganganu: "Na yi baƙin ciki da rasuwar mahaifiyarki." Sannan: "Wance tana yi mini baƙin ciki." Ta farko alhini ce da jimami. Ta biyu kuwa hassada ce tsagwaronta. Idan aka ce wane ɗan baƙin ciki ne, ba ana nufin an yi masa mutuwa ba, ana nufin ba ya son ya ga wani ya samu. Bature yana da kalma daban ga kowanne, Balarabe ma haka, huznu daban hasad daban. Bahaushe kuwa ya zuba su a tukunya guda. Na daɗe ina tunanin ko talaucin harshe ne, daga baya na gane ganin nesa ne. Kamar kakanninmu suna cewa ne, wanda ya buɗe wa hassada ƙofa, ciwon da zai ji iri ɗaya ne da na wanda aka yi wa rashi, bambancin kawai shi ba wanda ya mutu masa. Makokin alherin wani yake zaune.

To idan haka ne, farin ciki ma dole yana da fuska biyu. Akwai wanda kike yi da abin da ya same ki, akwai wanda kike yi wa wata. "Na yi miki farin ciki." Wannan na biyun shi ne ma'aunin, kuma wallahi ya fi wuya. Kowa zai iya murna ranar da aka saya mata sabon firji. Amma ranar da aka sauke na facalarki a tsakar gida, ke naki ya shekara a lalace, me cikinki ya ce kafin bakinki ya ce "Allah ya sanya alheri"? Ranar da ɗiyar maƙwabciya ta samu miji, taki da ta girme ta tana zaune fa? Ranar sunan kishiya, ke shekara shida ko ɓatan wata? Ba ina tambaya don in kunyata ki ba ne, ni ma an tambaye ni a zuci na kasa amsawa. Mu mata an ɗora mu a kan gwaji da juna tun muna 'yan mata: lefen wa ya fi akwati, gadon wa ya fi tsada, wa aka fi yi wa gara. A da sai kin taka kin je gidan biki za ki ga abin da zai tsaya miki a rai. Yau kina kwance a ɗakinki, wayarki za ta kawo miki falon wata da leshin wata da Umrar wata, a WhatsApp da Instagram, tun kafin ki karya kumallo. Abin da ba a ɗorawa shi ne bashin ankon, da faɗan da aka yi kafin a ɗauki hoton. Sai ki wayi gari kina auna cikin gidanki da katin gayyatar wasu.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. Mun fi faɗin karin maganar nan idan mu ake yi wa, muna taƙama. Ba mu cika juya ta mu tambayi halin da mai zuba takin yake ciki ba, alhali a cikinsa takin yake ruɓewa kafin ya fito.

Akwai kalma ƙarama da Hausa ta ba mu magani a cikinta, ita ce taya. Muna taya aiki, muna taya daka, muna taya kwana, kuma muna taya murna. Kin ga an jera murnar wata cikin ayyukan da ake sa hannu a kama. Ga musa'adar Larabawa ta dawo. Abin da na gani a rayuwa shi ne, sau da yawa hannu ne yake riga ciki. Ba za ki iya umartar zuciyarki ta daina zafi nan take ba, amma za ki iya tashi ki ɗaura zani ki kama girkin sunan, ki yi wa jaririn addu'a da sunansa a sujadarki inda ba mai ji. Ba munafunci ba ne wannan, munafunci shi ne ki yi guɗa a tsakar gida ki koma ɗaki ki yi fatan tsiya. Wannan wanki ne, kuma ƙwarya ba ta fita da ɗauraya ɗaya.

Sai dai kada a ɗauki maganata a mayar da ita sanda a doki mata da ita, domin na san halinmu. Haɗa alhini da hassada a kalma guda yana da nasa haɗarin: sai a ga mace cikin damuwa ta gaskiya a ce ai baƙin ciki ne ke cin ta, ko a ce ba ta da tawakkali. A'a. Baƙin ciki na farko ba laifi ba ne. Annabi Yaƙub (AS) ya yi jimamin rabuwa da ɗansa Yusuf har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, kuma ba a rage masa daraja ba. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, shekara ta goma da aiko Manzon Allah (SAW), a littattafan tarihi shekarar baƙin ciki ake kiranta. Matar da mijinta ya hana ta abinci, ko yake dukanta, ko ya yi wata uku bai shiga ɗakinta ba, idan cikinta ya yi baƙi ba hassada ba ce, zalunci ne aka zuba mata. Ba za a ce ta wanke ƙwarya ba alhali mai zuba toka yana tsaye a kanta. A Suratur Rum natsuwa da soyayya da jinƙai aka ambata a matsayin abin da aure ya ƙunsa, kuma ba a ɗora samar da su a wuyan mace ita kaɗai ba. Idan maigida yana leƙa mujallar nan, kamar yadda na san wasunsu suna yi, to wannan layin nasa ne.

Nan ne zurfin ciki yake cutar da mu. A shekarar 2003 wata mujallar kimiyya ta Ingila mai suna New Scientist ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashe sama da 60, inda 'yan Nijeriya suka zo na ɗaya a yawan masu cewa suna cikin farin ciki. An yi ta dariya da alfahari a lokacin. Daga baya, a 2012, aka fara fitar da wani rahoton na duniya wanda ke sa mutum ya auna rayuwarsa a kan tsani daga 0 zuwa 10, kuma daga 2018 zuwa 2025 ƙasar Finland ce ke zuwa ta ɗaya, mu kuwa muna can ƙasa. Ni dai duk lokacin da na ji irin wannan sai in tuna yadda muke gaisawa. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya gida? Lafiya lau. Yaya haƙuri? Sai godiya. Ki aiko baƙo da takarda ya tambayi Bahaushiya ko tana farin ciki, ko a gadon asibiti take Alhamdulillahi zai rubuta. Godiya abu ne mai kyau, kuma rufin asiri ado ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mata 13 cikin 100 da suka haihu suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe masu tasowa. Mai jegon da ta daina barci, ta daina cin abinci, take kuka ba dalili, ba ta son ɗaukar jaririnta har makonni suka shige, ba rashin godiya ke damunta ba, kuma ba lallai aljanu ba ne. Ciwo ne da ake magani a asibiti. An ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ki samu mutum ɗaya mai amana, uwa ko yaya ko malama ko likita, wadda idan ta ce yaya gida za ki iya ce mata "zauna ki ji".

Bari in ba ki labarin wata goggona, Allah ya jiƙanta. Ita ce uwargida, ta shekara 20 da wani abu a gidan, da ita aka sha wahalar farko tun suna ɗaki ɗaya na haya. Da Allah ya buɗa wa maigidan ya tashi biyan kujerar Makka, kuɗin mutum ɗaya ya samu bayan tasa, sai ya biya wa amarya, wai ita goggo sai baɗi. Dangi suka yi ca, har da masu zuga ta ta yi yaji. Ba ta je ko'ina ba. Ta same shi ita da shi ta faɗa masa bai yi adalci ba, ba ta rage masa komai ba, ta kuma sa aka kira yayansa ya maimaita masa. Amma da tafiya ta matso, ita ta daka wa amaryar yaji, ta yi mata dambun nama, ta riƙe mata yaranta uku har da na goye da aka yaye da wuri. Ranar da alhazai suka dawo ita ta fara rangaɗa guɗa.

Na girma ina jin ana ba da labarin nan ana cewa goggo ba ta da kishi, kamar wata waliyyiya. Sai bayan na yi aure, wata rana ina tsefe mata kai, na ce, "Goggo, da gaske wai ko kaɗan ba ki ji komai ba lokacin nan?"

Ta juyo ta harare ni. Ta ce, "Ke 'yar nan, dutse aka ce miki ni? Kwana uku ban san ɗanɗanon tuwo ba. Ko muryarta na ji a tsakar gida sai in ji kamar an watsa min barkono."

Na ce, "To yaya aka yi har da dambun nama?"

Ta ce, "Laifin nasa ne, na kuma faɗa masa. Ita me ta yi mini? Da ta zo ta durƙusa ta ce Yaya ki yafe ni zan tafi, sai na ga yarinya ce tana rawar jiki, ko jirgi ba ta taɓa gani kusa ba. Na ce a raina, in na bar abin nan ya kwana huɗu zai yi saiwa. Sai na aika aka sayo nama." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ina daka ina kuka fa, kada ki zaci. Wajen turmi na uku ne na ji ya fara sakina."

Na tambaye ta ko baɗin ya cika alkawari. Ta ce sai da aka shekara huɗu. Sannan ta miƙo min kibiya ta ce in ci gaba da tsifar, magariba ta kusa.